Ma'aunin Ruwan Sama: Daga Fadar Sarkin Koriya Zuwa Filin Makaranta

A shekarun da suka gabaci 1441 fargabar fari ta dami fadar Koriya, har yarima mai jiran gado, ɗan Sarki Sejong, ya ɗauki wata al'ada: duk sanda aka yi ruwa sai ya sa a tona ƙasa a ga iya inda laima ta kai. Ba shi ya ƙago dabarar ba. Da ita hukuma take aiki tun kafin lokacin, gwamnonin larduna su tona, su auna zurfin danshin, su aika wa fada da rahoto. Manomin gero a Daura ko Maraɗi ba zai ga baƙon abu a nan ba, don shi ma washegarin ruwan farko yakan yi sammako zuwa gona, ya tona da hannu ko da bakin fartanya, ya duba ko ruwan ya isa shuka ko kuwa ƙura kawai ya kwantar.

Ga mai gona ɗaya wannan ya wadatar, tunda ya san ƙasarsa. Ga mai mulkin ƙasa guda kuwa bai wadatar ba. Ruwa iri ɗaya zai sauka a jigawa ya nutse can ƙasa, ya sauka a laka ya tsaya a sama. Ƙasar da ta sha ruwa shekaranjiya ba za ta karɓe shi kamar wadda ta yi wata biyu a bushe ba. Rahoton lardi ɗaya ba ya kwatantuwa da na wani. Sai yariman ya sa aka ƙera masa mazubi na tagulla, aka ajiye a harabar fada, ana auna ruwan da ya taru a ciki. Kundin tarihin masarautar ne ya adana wannan labari, kuma ko da yake an fi jingina ƙirƙirar ga shahararren maƙerin fada Jang Yeong-sil, abin da ke rubuce yariman yake nunawa, wanda daga baya ya zama Sarki Munjong.

A 1442 aka mayar da abin doka. Aka tsayar da girman mazubin: tsayinsa kimanin santimita 31, faɗin bakinsa kimanin 14, gefensa a miƙe daga sama har ƙasa. Na babban birni da na hedikwatar larduna na ƙarfe ne. Ƙananan gundumomi aka ce su yi nasu da tangaran ko yumɓu, su fiƙe ma'auni na itace ko na gora. Aka kuma umurci jami'ai su rubuta lokacin da ruwa ya fara, da lokacin da ya ɗauke, da zurfin abin da ya taru. Ma'aikatar haraji ce ta kawo shawarar, kuma dalilinta a fili yake: harajin ƙasa daga amfanin gona yake fitowa, sarki kuma yana neman hanyar da zai san shekarar da ya kamata a sassauta wa talakawa. Shekara biyu bayan haka, a 1444, Sejong ya kawo tsarin haraji da ya kasa shekaru gida tara gwargwadon kyawun girbi.

Abin da Koriyawa suka gano ba mazubin ba ne, don ko tukunyar da aka manta a tsakar gida tana tara ruwan sama. Abin da suka gano shi ne kowa ya yi amfani da mazubi iri ɗaya, da ma'auni iri ɗaya, ya kuma rubuta. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin Japan na 1592 sun rusa tsarin, sai a 1770 Sarki Yeongjo ya farfaɗo da shi. Daga nan birnin Seoul ya samu jerin awon ruwan sama da ya ɗore har farkon ƙarni na 20, wanda masana yanayi ke amfani da shi har yau. Mazubi ɗaya tak ya rage daga wancan zamani, na garin Gongju, ƙirar 1837. An taɓa kwashe shi zuwa Japan, aka dawo da shi a 1971.

Wasu sun riga Koriyawa tunanin. Tsohon littafin mulki na Indiya, Arthashastra, ya ba da umurni a ajiye kwanon awon ruwa a gaban rumbun hukuma. A ƙasar Sin, masanin lissafi Qin Jiushao ya saka batun cikin littafinsa na 1247 a matsayin tambayar da ɗalibi zai warware: ga mazubi mai faɗin baki da tsukakken gindi, ruwa ya kai wuri kaza a ciki, to nawa ne ainihin zurfin ruwan da ya sauka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa? Duk malamin da ya taɓa ganin yara sun kawo bokiti suna cewa da shi za su yi awo ya san wannan tambaya ba ta tsufa ba.

Turai ta makara. A 1639 ne Benedetto Castelli, almajirin Galileo, ya ajiye kofin gilashi a waje lokacin da tafkin Trasimeno na Italiya ya ja baya saboda fari, ya auna abin da ya taru, ya rubuta wa malaminsa wasiƙa. A Ingila wani mai suna Richard Towneley ya fara awo a kai a kai a Lancashire a 1677. Amma gwajin da ya fi dacewa da aji shi ne na likita William Heberden, wanda ya buga sakamakonsa a 1769. Ya kafa ma'aunai uku a Landan: ɗaya a lambu, ɗaya a rufin gida, ɗaya a saman majami'ar Westminster. Da shekara ta zagayo, na saman majami'ar bai tara abin da ya wuce rabin na lambun da yawa ba. Mutane suka yi ta kai-kawo, wasu na cewa ɗigon ruwa ƙara girma yake yi yayin da yake kusantar ƙasa. Sai a 1861 William Stanley Jevons ya nuna iska ce: tana ƙara ƙarfi a sama, tana kaɗa ɗigon ya tsallake bakin mazubin. Kusan shekara ɗari manya suna kokawa da abin da yaran aji biyar za su iya sake gwadawa da kwalabe biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan tankin makaranta.

Mutumin da ya mayar da awon ruwan sama aikin jama'a shi ne George James Symons, haifaffen Landan a 1838. Ƙarshen shekarun 1850 an yi ƙarancin ruwa a Ingila, birane suna ta girma, injiniyoyi na son gina madatsu, amma babu mai iya faɗin ruwa nawa ke sauka a ina. Symons yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shiga rubuta wasiƙu ga duk wanda ya ji yana da ma'auni a gida. Ya tattara alƙaluman 1860 daga wurare 168 ya buga su a ɗan ƙaramin littafi. A 1863 ya ajiye aikinsa na gwamnati ya duƙufa a kan wannan kaɗai. Lokacin da ya rasu a 1900 wuraren sun kai kimanin 3,500.

Su wane ne masu awon? Limaman coci na ƙauye, masu kula da lambu, likitoci, masu tsaron madatsu, malaman makaranta, matan gida. Ba albashi ake ba su ba, da yawansu ma su ke aika masa da gudummawar buga littafin shekara. Aikin Symons shi ne ya hana kowa yin yadda ya ga dama. Shi da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna gwada mazubai manya da ƙanana, a tudu da kwari, kusa da ƙasa da nesa da ita, har suka tsaya a kan baki mai faɗin inci biyar, wato kusan santimita 13, a ɗaga shi ƙafa ɗaya daga ƙasa, a karanta da ƙarfe tara na safe kullum. Yakan bi gari gari yana duba ko an kafa ma'aunin daidai, ko wata bishiya ta girma ta yi masa rumfa. Aiki ne mai gundura, kuma shi ya sa alƙaluman suka zama abin dogaro. A watan Maris na 2020, lokacin kullen korona, masanin yanayi Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya nemi jama'a su taimaka a kwafe waɗannan tsofaffin takardu na rubutun hannu zuwa kwamfuta. Mutum kusan 16,000 suka amsa, cikin kwana 16 suka shigar da awo fiye da miliyan biyar.

Shigar makarantu cikin lamarin ta riga Symons. A 1825 hukumar kula da ilimi ta Jihar New York a Amurka, bisa shawarar Simeon De Witt, ta raba wa makarantun gaba da firamare ma'aunin zafi da na ruwan sama, ta kuma ɗaura tallafin kuɗin da suke samu a kan aiko da rahoton yanayi. Makarantu fiye da hamsin suka yi wannan aiki cikin shekaru 25 da suka biyo baya. Ɗaya daga cikin malaman da ke tace rahotannin a makarantar Albany shi ne Joseph Henry, wanda ya zama shugaban farko na cibiyar Smithsonian, kuma a 1849 ya kafa tsarin masu sa kai da ke aiko da labarin yanayi daga sassan Amurka, wasu ta wayar tangaraho. Sai dai a wancan lokaci makaranta wurin ajiye kayan awo ce kawai. Yawanci shugaban makaranta ko wani malami ke karantawa, yara na kallo daga nesa.

A ƙarshen ƙarni na 19 ne aka miƙa wa yaro ma'aunin a hannunsa. Wilbur Jackman, malami a kwalejin horon malamai ta Cook County da ke Chicago, ya fitar da littafi a 1891 da ya tsara darasin kimiyya bisa watannin shekara, yara su riƙa rubuta zafi, da inda iska ta fito, da gajimare, da ruwa, kowace rana. A New York kuma abin da ya tayar da hankalin hukuma shi ne karyewar noma a farkon shekarun 1890, da yadda 'ya'yan manoma ke tserewa birni. Aka ba Jami'ar Cornell kuɗi ta kai darasin nazarin halitta makarantun karkara, da fatan yaro zai ga abin sha'awa a gonar ubansa. Daga wannan aiki ne Anna Botsford Comstock ta fitar da babban littafinta na jagoran malamai a 1911, wanda har yau ake bugawa, kuma yanayi na cikin abubuwan da ya ƙunsa. Ra'ayinta shi ne a fara da abin da yaro ya gani da idonsa, bayani ya biyo baya. Malamai da dama har yanzu suna juya wannan tsari, su cika allo da zanen yadda ruwa ke tashi daga teku ya zama gajimare, alhali hadari na haɗuwa a bayan tagar aji.

Yaron ƙasar Hausa bai jira wannan duka ba kafin ya fara karatun sama. Tun yana bin ubansa gona da gorar ruwa yake jin cewa hadarin kirki daga gabas yake tasowa, cewa zuwan shamuwa albishir ne na damina, cewa gawo yana kaɗe ganyensa daidai lokacin da sauran itatuwa ke tofo. Yana ganin wanda ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran rahama, da wanda ya ce shi sai ya ga ruwan shuka. Ya san bambancin yayyafi da marka. Malamai kuma suna da nasu lissafin na taurari, wanda ya zo daga Larabawa: masaukai 28, kowane kwana 13, ɗaya kwana 14, jimla 365. Manoma na tambayar ko Nasara ta shiga, ko ana cikin Ɗarfa ko Jabha, kamar yadda manoman Sudan ke yi da kusan waɗannan sunaye. An tsara lissafin a waƙoƙin ajami don sauƙin hadda, kuma wani masani mai suna Mervyn Hiskett ya yi nazari a kansu a 1967. Ilimi ne na gaske, na mutanen da abincinsu ya rataya a kan sama. Abin da ba shi da shi shi ne adadi: zai gaya maka lokacin da ake sa ran ruwa, amma ba zai gaya maka bana ta gaza bara da nawa ba.

Adadin ya zo da Turawan mulki. Kano, Yamai da Damagaram suna da jerin awo da ya faro tun wajajen 1905, kuma a hankali ma'aunai suka bazu zuwa ofisoshin mulki, tashoshin jirgin ƙasa da gonakin gwaji irin ta Samaru da aka kafa a 1922. Waɗanda suka kafa su lissafin gyaɗa da auduga da haraji suke yi, ba ilimin yara ba. Amma littattafan sun yi amfanin da ya wuce nufin masu su. A cikinsu ake ganin raunin daminar 1913, wadda ta haifar da yunwar da mutanen Kano suka kira Kakalaba. A cikinsu ake ganin wadatar shekarun 1950, sannan doguwar gangarar da ta faro a ƙarshen shekarun 1960 ta kai ga bala'in 1973 da na 1984. Duk muhawarar da duniya ta yi a kan farin Sahel, ko hamada ce ke tahowa, ko sauyin zafin teku ne, a kan waɗannan lambobi ta tsaya, lambobin da ƙananan ma'aikata suka rubuta da safe, mafi yawansu ba wanda ya san sunansu a yau.

Farin ne ya sa ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a 1973, da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai a 1974. A Mali aka yi abin da ya fi kusa da talaka. Daga 1982 hukumar yanayi ta ƙasar ta fara ba zaɓaɓɓun manoma ma'aunin ruwan sama su kafa a gonakinsu, ta koya musu karantawa da rubutawa a takarda, ta ba su jadawalin da ke nuna ko abin da ya sauka ya isa a shuka, ana kuma watsa shawarwari ta rediyo duk kwana goma. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, M. V. K. Sivakumar ya fitar da wata ƙa'ida a 1988 da har yanzu ake aiki da ita: ana cewa damina ta kankama idan bayan 1 ga Mayu an samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan cikin kwana 30 masu zuwa ba a yi tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba. Ɗan firamare mai ma'auni da kalanda zai iya bin wannan ƙa'ida ya gano ranar da daminar garinsu ta fara, ya kwatanta da ranar da ubansa ya yi shuka.

Akwai kuma dalilin da ya sa ma'aunin filin jirgin sama na babban birni ba zai taɓa isar yankin ba. Daga 1990 masu bincike na Faransa da na Nijar suka baza ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai, a aikin da aka kira EPSAT-Niger. Suka tabbatar da abin da manoma suka daɗe suna faɗa: ruwan Sahel ba ya sauka bai ɗaya. Garuruwa biyu da tazararsu ba ta wuce 'yan kilomitoci ba, ɗaya zai yi damina mai albarka, ɗaya ya kwana da fargaba. Inda ruwa yake haka, yawan masu awo ya fi tsadar na'ura muhimmanci.

Amurkawa ma sun koyi wannan darasi, da tsada. A ranakun 27 da 28 ga Yuli 1997 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a yammacin garin Fort Collins na Jihar Colorado, kimanin milimita 370, alhali 'yan kilomitoci gabas ba a samu ko kashi ɗaya cikin biyar na hakan ba. Rafin Spring Creek ya yi ambaliya, mutum biyar suka mutu, ruwa ya cika ƙasan ɗakin karatun jami'ar garin. Ma'aunan hukuma ba su nuna girman abin ba. Nolan Doesken, na ofishin yanayin jihar, ya bi mutane yana tambayar abin da ya taru a bokitansu da ma'aunan lambunsu, da haka ya haɗa taswirar ruwan. Shekara mai zuwa, 1998, ya kafa ƙungiyar masu sa kai ta CoCoRaHS, kuma 'yan makarantar sakandare uku na cikin waɗanda suka ɗora ta a kan ƙafafunta. Don awon ƙanƙara suka yi amfani da allon soso mai tauri da aka naɗe da takardar alminiyam, kowace ƙanƙara ta bar ramin da za a auna. Yau ƙungiyar ta game jihohin Amurka 50 har ta shiga Kanada.

Kafin wannan da kaɗan, a 1995, aka ƙaddamar da shirin GLOBE da goyon bayan hukumomin kimiyya na Amurka irin su NASA, inda ɗalibai ke awo bisa ƙa'ida ɗaya su tura sakamako ta intanet. Ƙasashe fiye da 120 sun shiga, ciki har da Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi. A 2014 kuma Nick van de Giesen na Jami'ar Delft da John Selker na Jami'ar Jihar Oregon suka kafa TAHMO, da burin kafa tashoshin yanayi 20,000 a Afirka, ɗaya a kowane kilomita 30. An kafa ɗaruruwa, akasari a makarantu, saboda a can akwai katanga, akwai mai gadi, akwai malamin da zai share ƙura. Na'urorin masu aiki da kansu ne, kuma a nan akwai abin lura: na'urar da ke tura alƙaluma ta waya ba tare da yaro ya taɓa ta ba na iya mayar da makaranta inda take a 1825, wurin ajiya. Shi ya sa shirin ya haɗa da darussan da ke dawo da alƙaluman cikin aji.

Ma'aunin da yaro zai yi da hannunsa kuwa bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. A samu gorar roba ta lemo mai miƙaƙƙen jiki, a yanke ta a inda kafaɗarta ta ƙare, a kifa wuyan ciki ya zama mazurari, wanda zai rage tashin ruwan idan rana ta fito. Gindin gorar ba a baje yake ba, don haka sai a zuba tsakuwa, a ƙara ruwa har ya rufe ta, a ja layi da alƙalami mai kauri, nan ne sifiri. A ɗaura rula a jiki, sifirinta a kan layin. Tunda faɗin baki da na jiki ɗaya ne, zurfin da aka karanta shi ne zurfin ruwan da ya sauka, tambayar Qin Jiushao ba ta taso ba. A binne gindin kaɗan ko a tokare shi da bulo don kada iska ko akuya ta ture. A nisanta ma'aunin da gini ko bishiya aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Kullum a lokaci ɗaya wani yaro ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya karanta, ya rubuta, ya zubar ya mayar da shi kan layi.

Ranar da ba a yi ruwa ba ma dole a rubuta sifiri. Wannan ne yara suka fi mantawa, alhali gurbin da aka bari fayau ba ya nuna ko ba a yi ruwa ba ne ko mai awon ne bai zo ba. Tsaikon kwana bakwai da ke kashe ƙaramin gero ba ya fitowa a littafi sai an jera sifiri bakwai.

Daga nan lissafi ke shigowa da kansa. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Idan rufin aji yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 8, aka yi ruwan milimita 25 da dare, lita 2,000 ce ta zuba daga indararo, wato jarkoki 80 masu cin lita 25, irin waɗanda 'yan garuwa ke turawa a kura. Milimita 20 ɗin Sivakumar a gonar hekta ɗaya lita 200,000 ce. Yarinyar da ta yi wannan lissafi da kanta, wadda ta san nauyin jarka a ka, za ta kalli ruwan da ke malala a tsakar makaranta da wani ido daban, kuma tambayar me ya hana a tara shi za ta fito daga bakinta ba sai an sa ta ba.

Gorar roba ba ta kai ma'aunin hukuma daidaito ba. Ruwan da bai kai milimita biyu ba da wuya ta nuna shi, rana kuma tana lanƙwasa robar cikin 'yan watanni. Wannan ba aibi ba ne a aji. Idan aka jera gorori biyar wuri ɗaya suka ba da amsa biyar, yara sun shiga ainihin tambayar da ta sa yariman Koriya da Symons suka nace a kan mazubi iri ɗaya.

Babban cikas a yankin Hausa ba kayan aiki ba ne, kalandar makaranta ce. A Arewacin Najeriya dogon hutu yakan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin marka. A Nijar hutun ya cinye kusan daminar duka. Ma'aunin da aka kafa a filin makaranta a watan Mayu zai kama ruwan farko, sannan a kulle ƙofa a bar shi a watan Agusta, watan da ya fi kowane ruwa. Mafitar da tarihin kansa ya nuna ita ce ta Mali da ta Fort Collins, wato a kai ma'aunin gida. Kowane yaro ya tafi hutu da gorarsa da takarda mai layi, wanda ke zuwa ƙauye wajen kakanni ya tafi da ita can. Idan aka dawo, malami ya zana taswirar gari da ƙauyukan kewaye a allo, kowa ya rubuta jimlarsa a unguwarsu. Aji mai yara sittin zai samu wuraren awo sittin a gunduma ɗaya, adadin da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ko takwararta ta Nijar ba ta da shi a mafi yawan gundumomi, kuma makarantar da ta adana takardun shekara biyar a jere za ta iya gaya wa manoman garin ranar da daminarsu ta saba kankama.